Baƙin mai 20W-50: injin da ya dace da shi da wanda yake wahalarwa

A kasuwar Wudil ko Gujungu, ka ce a ba ka man juye, 20W-50 za a miƙo maka, ko na babur kake nema ko na injin ban ruwa. Mai ne nagari, amma ba kowane inji yake karɓa ba.

Lambar farko, 20W, tana nuna gudun man idan inji ya kwana ya huce. Ƙaramar lamba ta fi saurin zagaya inji. Ta biyun, 50, kaurinsa ne a zafin digiri 100. Don haka murza mai tsakanin yatsu a bakin shago ba gwaji ba ne, kauri daban, inganci daban.

A babur irin Boxer ne man nan yake cin kuɗinsa. Injin da iska ke sanyayawa, ga buhu biyu a baya, ga zafin Afrilu ya haura digiri 40, mai mara kauri tsinkewa yake yi. Kusan lita ɗaya ke cika injin. Sai dai a duba JASO MA, alamar man da ya dace da babur, a jikin robar, domin kulocin babur a cikin man yake wanka, kuma wani man mota kan sa shi santsi. Tsohuwar Golf da ringinta ya ci ma tana jin daɗinsa: hayaƙi zai ragu, amma ringin bai gyaru ba.

Injin ban ruwa irin Honda GX160 kuwa 10W-30 ko SAE 30 aka yi masa. Ba shi da famfon mai, watsa man ake yi a ciki. Da asubar hunturu a fadamar Haɗeja mai kauri ba ya watsuwa da wuri, fistan ya fara aiki a bushe. Lita 0.6 yake ci. Masu zazzage masa robar lita guda gaba ɗaya su ke jiƙa filogi. Juyen farko bayan awa 20, sannan duk awa 100, ƙasa da haka in ƙura ta yi yawa.

Corolla mai VVT-i (injin Toyota mai daidaita lokacin buɗewar bawul) ma a bar ta a 5W-30, hanyoyin da mai ke bi a injinta ƙanana ne.

Babban abin damuwarmu man awo ne da ake ɗurawa a tsohuwar roba. A sayi wanda murfinsa bai tsinke ba, mai alamar matakin inganci ta API SL ko SN, a buɗe shi a gaban bakanike.