Jenowa ko Napoli: amsar tambayar Hajiya

Hajiya, kin ce a Milan ta ƙasar Italiya za ku sauka ke da Mama da yara biyu, kwana uku ne a hannunku, kuma kina son birnin bakin teku mai tarihi: Jenowa ko Napoli? Ni dai, tunda da Mama a tafiyar, Jenowa zan ce.

Fara da hanya. Daga Milan zuwa Jenowa kamar awa ɗaya da rabi ne a jirgin ƙasa. Napoli kuwa can kudu take, sama da awa huɗu ko a jirgi mai gudu, zuwa da dawowa sun cinye miki yini guda.

Ba wai Napoli ba ta da abin gani ba. In tarihi ake nema tsantsa, ta fi. Girkawa ne suka kafa ta, ga dutsen Besubiyos mai aman wuta yana kallonta, wanda ya binne tsohon garin Pompei a shekara ta 79 miladiyya. Sai dai Pompei yawo ne a kan duwatsu marasa daidaito, inuwa kaɗan, kuma jirgin da ke kai mutane can yakan cika maƙil lokacin zafi. Cikin gari ma babura ke ratsa lunguna ba sallama. Matashi mai son ƙwallo zai ji daɗi, ga zanen Maradona a bango, ga garin da Osimhen ya ci kofin Italiya na Seriya A a 2023. Amma gwiwar Mama fa?

Jenowa ba ta da wannan hayaniyar. Jamhuriya ce mai cin gashin kanta har 1797, arzikinta daga jiragen ruwa da ba da rance. A 1407 aka kafa bankin San Giorgio, ginin yana nan daf da ruwa. Tsohuwar tashar kuma Renzo Piano, mai zanen gine-gine ɗan garin, ya sake fasalinta a 1992, shekara 500 da tafiyar Kolumbus, shi ma ɗan garin, zuwa nahiyar Amurka. Yanzu fili ne shimfiɗaɗɗe, da wurin zama, ga katafaren gidan kifaye inda yara za su yi rabin yini ba su ce sun gaji ba. Bayansa lungunan tsohon gari ne, matsattsu kamar na cikin birnin Kano, sai dai benaye ne dogaye har rana ba ta cika sauka ƙasa ba. Ki bi su a hankali ki fito titin Garibaldi, inda fadojin attajiran zamanin da suke, waɗanda UNESCO ta sa a jerinta a 2006. Garin a jikin tudu yake, gaskiya, amma akwai lif na jama'a da ke hawa da ku unguwar Castelletto a saman tudun, daga nan rufin gidaje da tashar duk suna ƙarƙashinku.

Abinci kuma ki kula. Fizar Napoli ta margarita ba nama, amma kayan fulawarsu da yawa da kitsen alade ake yi, ki tambaya ko akwai “strutto”. A Jenowa ki nemi farinata: garin waken da ake hummus da shi, ruwa, gishiri da man zaitun, a gasa a faffaɗan faranti, a yanko miki da zafinta. Naman halal kuma akwai shagunansa a titin Prè, kusa da tashar jirgin Principe.

Da a Rum za ku sauka, da na sake lissafi, don daga can awa ɗaya da 'yan mintuna ne zuwa Napoli.