Yawon ƙafa a tsohon garin Argungu: abin da na gani da abin da ban yarda da shi ba

A watan jiya, da na kai iyali ganin gida a Argungu, ƙanena ya sa sunana a wani yawon tarihi da wasu matasan garin suke shiryawa ranar Asabar, inda ake bin tsohon gari da ƙafa daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba, jagora yana ba da labarin kashe-kashe da abubuwan ban tsoro da suka shafi wuraren da ake tsayawa. Kowa ya biya naira 3,000, kuma mu tara ne, har da wani dattijo da ya zo da jikansa. Jagoran bai ɓoye mana ba cewa a intanet ya ga irin wannan sana'a, domin a Landan ana zagayawa da baƙi unguwar Whitechapel, inda aka kashe aƙalla mata biyar a 1888 kuma ba a taɓa kama wanda ya yi kisan ba.

Mun fara ne daga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, wadda aka bar zama a cikinta a 1942 sannan aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. A nan kuɗina ya biya. Jagoran ya tsayar da mu a gaban masu da takubba da kwari da baka, ya ɗauko zaren labarin tun daga 1805, shekarar da Birnin Kabi ya faɗa hannun rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, har ya kawo mu ga Sarkin Kabi Karari, wanda aka kashe a 1831 bayan an ci Argungu da yaƙi. Yadda Kabawa suke ba da labarin, wai da Karari ya ga masu binsa sun cim masa, sai ya umarci ɗansa Yakubu Nabame da ya tsere, shi kuwa ya sauka daga doki, ya zauna a kan garkuwarsa kamar mai zaman tahiya, yana jiran ajalinsa. Jagoran ya faɗi wannan a hankali, bai ɗaga murya ba, kuma na lura jikan dattijon, wanda tun da muka shigo yake wasa da wayar kakansa, ya sa ta a aljihu.

Daga nan ya bi mu da labarin Nabame, yadda ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, yadda ya dawo ya ɗaga tutar tawaye a 1849, da yadda ya rasu a fagen fama a 1854. Abin da ya fi burge ni shi ne adalcin da yaron ya yi wa ɓangarorin biyu, domin bai zagi Gwandu ba, bai zagi Sakkwato ba, kuma bai mayar da Kabawa mala'iku ba. Wanda ya san yadda wannan magana take tayar da jijiyar wuya a majalisar dattawa zai gane cewa ba ƙaramin aiki ya yi ba.

Matsalar ta faro ne da muka fito muka shiga lunguna. Sai jagoran ya canza murya, ya fara nuna mana wani kango yana cewa ana jin kukan mace a cikinsa da tsakar dare, ya nuna wata tsamiya ya ce mahayi marar kai yana ɗaure dokinsa a gindinta. Na tambaye shi wace mace ce, a zamanin wane sarki, sai ya yi murmushi ya ce haka ya ji. Dattijon bai iya daurewa ba, ya ce masa: "Ɗana, ni a unguwar nan aka yanke mini cibi, kuma kangon nan ruwan sama ne ya rushe shi, ba aljani ba." Kowa ya yi dariya, amma ni raina bai yi daɗi ba, domin mutumin da ya riƙe mu da labarin Karari ba ya bukatar aron mahayi marar kai, wanda ko kama da tatsuniyarmu bai yi ba. Na kuma ƙi jinin yadda ya bar ɗaya daga cikinmu ya tsaya ɗaukar hoton kansa yana kwaikwayon fatalwa a ƙofar gidan da mutane suke zaune a ciki, matan gidan suna leƙowa ta zaure.

Tafiyar ta ƙare a bakin kogin Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi. A nan ya ɗan dawo hayyacinsa, ya bayyana cewa bikin ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta zama alamar rufe gabar da muka wuni muna ji, kuma ya yi maganar Sarkin Ruwa da kadoji cikin girmamawa, a matsayin al'adar masunta, ba abin tsoratar da baƙo ba. Da ya ba wannan wuri lokacin da ya ɓata a kan tsamiya, da mun ƙaru sosai, amma ladan ya riga ya fara kiran salla, sai muka watse a gurguje.

Zan sake zuwa, kuma na yi niyyar kai 'ya'yana manya. Mai son zuwa ya sa takalmin da zai iya taka rairayi da shi, ya riƙe ruwansa domin ba su tanada ba, kuma ya roƙi jagoran tun a ƙofar gidan tarihi da ya tsallake kangon da tsamiyar, a sauka kogi da sauran rana.