Dakon tsakuwa: jirgin ƙasa ko tifa?

Malam, ka ce ka ga bidiyon wani dogon jirgin ƙasa a Alaska ta Amurka wanda ba ya ɗauke da komai sai tsakuwa, kana tambaya ko hakan ya fi tifa da muka saba da ita, kuma me ya hana mu yi. To, ga yadda nake ganinsu idan an jera su.

Jirgin da ka gani na Alaska Railroad ne, layin da aka kammala a 1923, gwamnatin jihar ta saye shi daga hannun tarayya a 1985. Da zarar sanyi ya sassauta an koma aikin gini, sai jiragen su fara jigilar tsakuwa daga kwarin Matanuska, wajen garin Palmer, zuwa birnin Anchorage. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Riƙe wannan a ranka.

Wajen yawan kaya, babu haɗi. Tarago ɗaya na cin kusan tan 90. A ce jirgin ya jawo tarago 80, tan 7,200 ke nan a sahu guda. Tifa mai tan 30 sai ta yi sahu 240 kafin ta kwashe wannan. Ka hango su jere a kan titi, kowacce da direbanta da yaronta, da tayoyin da ke cinyewa, alhali mutum biyu ko uku ne ke tafiyar da jirgin. Wajen shan gas ma haka: tayar ƙarfe a kan dogo ba ta da tirjiya irin ta roba a kan kwalta, shi ya sa a Amurka ake lissafin jirgi ya fi mota tsimin mai sau uku zuwa huɗu a kan kowane tan.

Akwai kuma asarar da mai tifa ba ya biya, jama'a ke biya. Gwajin da aka yi wa tituna a jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Duk wanda ya bi hanyar Mpape a Abuja, inda ake fasa dutse, ya ga wannan ɓarna da idonsa.

Sai dai jirgi ba ya kai kaya ƙofar gida. Tifa kuwa, ka kira direba da safe, kafin azahar ta juye maka a bakin fili, ko a lungu kake. Jirgi ba zai motsa saboda sahu biyu na ginin gidanka ba.

Mutane kan ce jirgi sai tafiya mai nisa. A harkar tsakuwa ban yarda nisa ne ke yanke hukunci ba, ga Alaska nan shaida. Tsakuwa kaya ce mai arha, kuɗin dako ne ke sa ta tsada, kuma kowane lodi da sauke ƙarin kuɗi ne. A can, dogo ya shiga har cikin wurin haƙar, ya kuma shiga har cikin filin da ake tarawa. Bel mai jan kaya da inji ke zuba ta cikin tarago daga sama, a buɗe ƙofofin ƙarƙashin tarago ta zube da kanta. In da sai an ɗauko ta a tifa zuwa tasha, a loda wa jirgi, a sauke, a sake loda wa wata tifar, da ribar ta ƙare a bakin shebur.

Nan ne muke da giɓi. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 fasinja ya fi yi wa aiki. Faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon layin Legas zuwa Kano kuma 1,067, tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun. Kafin jirgi ya karɓe dakon dutse, sai an ja reshe zuwa wurin fasa shi, an tanadi filin saukewa a bakin gari, an kuma samu mai sayen dubban tan kowane mako, kamar kamfanin da ke shimfiɗa babban titi.

In gida kake ginawa ko bulo kake bugawa, Malam, ci gaba da ciniki da mai tifarka, ka dai tabbatar ya cika maka bodi.