Ƙaramin fulat a cikin gari ko babban gida a bayan gari: amsa ga ɗan uwan da ya tambaya

Ɗan uwa na ga tambayarka, kace ka maƙale tsakanin gidaje biyu. Ɗaya ƙaramin fulat ne mai ɗaki biyu a wani tsohon bene cikin gari kusa da wajen aikinka, amma zai cinye duk bashin da banki yace zai iya baka har da ɗan abin da ka tara. Ɗayan babban gida ne mai ɗaki huɗu can bayan gari, kamfani na kan gininsa bai gama ba, kuɗinsa yafi sauƙi amma zaka ƙara kusan awa ɗaya zuwa aiki, awa ɗaya dawowa, kuma dillali na matsa maka wai farashi tashi yake in baka saya yanzu ba shikenan ka rasa. Toh bari mu jera su, amma ba ta yawan ɗakuna ba, don wannan kowa ya san wanda ya ci.

Mu fara da bashin tunda shi ne zai zauna da kai shekara 25 ko 30. A wajen fulat ɗin matsalar ba ginin bane, matsalar ita ce ka ɗauki iyakar abin da banki ya amince a matsayin kasafinka. Banki lissafin kansa yake yi, abin da ya dame shi ko zaka iya biya ko da kuwa da ƙyar ne, bai san kana da iyaye da kake ɗauke da su ba ko kuɗin makarantar yara ko motar da ta kusa mutuwa. Akwai wani ma'auni da aka daɗe ana amfani da shi a bankunan Amurka, wato kuɗin gida duka kada ya wuce kashi 28 cikin 100 na albashinka kafin a cire haraji, duk basussukanka a haɗe kuma kada su wuce kashi 36. Ba doka bace, kuma a gari mai tsada mutane da yawa suna tsallake ta don dole, amma in lissafinka ya kai kusan rabin albashi to gidan ne ya mallake ka. Babban gidan a nan yafi fulat ɗin, bashinsa ƙarami ne, zaka samu wajen numfashi a wata.

Amma ko wanne ka ɗauka ka tambayi abu ɗaya kafin ka sa hannu: kuɗin ruwan a tsaye yake har ƙarshe ko yana canzawa? Mu ɗauka ka ci bashin 100 na shekara 30. In ruwan kashi 3 ne, jimlar abin da zaka biya kusan 152 ne. In kashi 7 ne zaka biya kusan 240, kuma biyan wata zai ƙaru da fiye da rabi, gida ɗaya ne fa ko bulo ɗaya ba a ƙara ba. Kuma wannan ba tatsuniya bace, a Amurka ruwan bashin gida na shekara 30 yana ƙasa da kashi 3 a farkon 2021, kafin ƙarshen 2022 ya haura 7. Su can yawancinsu ruwan a tsaye yake don haka waɗanda suka riga suka saya basu ji a jikinsu ba, amma a Ingila inda aka fi tsayar da ruwa na shekara 2 ko 5 kawai, babban bankinsu ya ɗaga nasa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a 2023, duk wanda wa'adinsa ya ƙare a tsakanin nan sai da ya ga biyan watansa ya yi tsalle. Mai fulat da ya riga ya ƙure kansa shi wannan tsallen zai fara kayarwa. In kuma kana guje wa riba ta hanyar bankin Musulunci zaka bi, tambayar bata canza ba, a murabaha, wato banki ya sayi gidan ya sayar maka da riba kana biya a hankali, farashin da kuka yanke shi ne har ƙarshe, a musharaka mai raguwa kuma, wato ku mallaki gidan tare da banki kana sayen kasonsa kaɗan kaɗan, kuɗin hayar da kake biya kan kason banki ana iya sake duba shi lokaci lokaci, sai ka karanta yadda za a riƙa dubawan.

Yanzu ga inda babban gidan ke fara zubar da makinsa. Araha bata ado, wannan sauƙin da kake gani hanya ce zata karɓe shi. Awa biyu a rana, kwana biyar a sati, in ka cire hutu kusan awa 480 kenan a shekara, kwana 20 cur dare da rana kana zaune a mota ko jirgin ƙasa. Ga mai, ga gyaran mota, watakila sai iyali sun nemi mota ta biyu don nesa da makaranta da asibiti, mutane basa saka wannan a lissafi don ba a takardar gidan yake ba. Ka haɗa shi a wata ka ɗora kan biyan bashin sannan ka kwatanta da fulat ɗin, sau da yawa tazarar da ka zaci babba ce sai ka ga ta tsuke.

Abin da yafi wannan damuna shi ne ba a gama ginin ba. Kuɗi zaka bayar a kan zane da hoton kwamfuta da alkawari. A Sin kamfanin Evergrande, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar, ya kasa biyan basussukansa a 2021, mutane da yawa da suka biya kuɗin gidajen da ba a gama ba suka tsaya cirko cirko, har a 2022 masu saye a garuruwa da dama suka yi barazanar daina biyan bankuna tunda suna biyan bashi kan gidan da babu shi. Girman kamfani ba garanti bane kenan. In ka nace sai wannan gidan, lauyanka kai, ba na kamfanin ba, ya duba waye ainihin mai filin da ko an jinginar da shi a banki, ko akwai izinin gini, kuɗinka a hannun wa zai zauna kafin a gama, za a riƙa sakinsa ne mataki mataki yadda aiki ke tafiya ko gaba ɗaya zasu kwashe, kuma me yarjejeniya tace in ranar miƙa makulli ta wuce. Ka je da ƙafarka ka ga unguwar da suka gama a baya ka tambayi mazauna ciki, su ne zasu gaya maka ko titi da ruwa da magudanar da aka yi musu alkawari sun zo.

Kada kuma ka ɗauka fulat ɗin tsarkakakke ne don yana tsaye ka shiga ka gani. A bene ba ɗakinka kaɗai ka saya ba, ka sayi kaso a rufi da lif da bututun ruwa da ginshiƙan ginin duka, ranar da ɗayansu ya lalace za a raba kuɗin a kawo maka naka ko ka shirya ko baka shirya ba. A Surfside ta jihar Florida wani bene ya rufta a watan Yunin 2021 mutum 98 suka rasu, tun 2018 injiniya ya rubuta cewa ginin na da babbar illa, kuma kafin ruftawar an ɗora wa masu gidajen gyara na kusan dala miliyan 15. A Ingila bayan gobarar benen Grenfell na Landan a 2017 masu fulat da yawa a wasu benayen sun wayi gari basa iya sayarwa, saboda irin abin da aka lulluɓe bangon waje da shi bankuna suka ƙi ba masu saye bashi. Don haka ka nemi takardun kwamitin ginin, nawa ake biya na hidima duk wata kuma ya ya riƙa ƙaruwa a shekarun baya, nawa ke cikin asusun gyara, akwai babban aiki da ake shirin yi, akwai shari'a. In ana ta kwana kwana wajen baka takardun nan to ka samu amsarka. Ka kuma tabbatar mallaka ce ta dindindin ko haya ce ta dogon zango, a Ingila misali in shekarun da suka rage suka yi ƙasa da 80 masu saye sukan fara ja da baya. Sannan ka ɗauko injiniya ya duba, ko da masu neman gidan sun kai goma kuma dillali yace wanda ya yafe dubawa shi za a ba, bar musu.

Kuɗin gefe duka biyun suna da shi: harajin saye, lauya, rajista, inshora, kwashe kaya. Kar ka zuba duk ajiyarka a kafin alƙalami ka shiga gida aljihu wayam. Ana yawan cewa a ware kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin gida duk shekara don gyara, ka kuma bar abin da zai riƙe ka wata uku zuwa shida in aiki ya tsaya.

Sai maganar dillalin nan ta farashi baya sauka. Yana sauka wallahi. A Japan farashin fili ya kai ƙololuwa wajen 1991 daga nan ya yi ta gangara sama da shekara goma. A Amurka daga 2006 zuwa 2012 gidaje sun faɗi da sama da kashi ɗaya cikin huɗu a faɗin ƙasar, a Las Vegas da Phoenix ya kai rabi ko fiye, a Ireland ma kusan rabi bayan 2007, aka bar sabbin unguwanni ba kowa ciki wasu ko gamawa ba a yi ba. Abin lura shi ne sabbin unguwannin can nesa su suka fi shan wahala, don a bayan gari fili na da yawa, gobe wani kamfani zai gina irin gidanka sabo fil a gefenka, a cikin gari kuwa ba inda za a ƙaro fili. Kuma bashi yana ninka asara, in gidan 100 ne ka bada 10 banki ya bada 90, farashi ya sauka da 10 kawai duk kuɗinka ya tafi, ya sauka da 20 ana binka kusan 90 a kan abin da bai wuce 80 ba, baka iya sayarwa baka iya tashi ko aiki ya maida ka wani gari. Kar ka ce ai biyan wata zai rage bashin da sauri, a bashin 100 mai ruwa kashi 6 na shekara 30, cikin shekara biyar na farko zaka biya kusan 36 amma 7 kacal ke fita daga uwar kuɗin.

In ni ne, tsakanin biyun nan kamar yadda ka kawo su ba wanda zan sa wa hannu a satin nan. Wajen wuri da sauƙin sayarwa gaba fulat ɗin ya fi, amma a farashin da ke ƙure ka bai yi ba, ko ka taya ƙasa ko ka nemi irinsa a unguwar da ke maƙwabtaka, tasha ɗaya ko biyu gaba, inda zaka tsira da ajiyarka. Babban gidan zan duba shi ne kawai in an gama shi an kawo ruwa da wuta, kuma aikinka ba kullum sai ka shiga gari ba. In kuma baka da tabbacin zama a garin aƙalla shekara biyar, ci gaba da hayarka kana tarawa, kuɗin gefe na saye da na sayarwa kaɗai sun isa su cinye duk ribar da kake hange. Turo mana kaso nawa na albashinka biyan watan kowanne zai ci, da ruwan da banki ya faɗa maka da shekarun da zai tsaya bai canza ba, sai mu buga lissafin tare.