2205 ko 2507: wanne ya fi jure haidurojin a ƙarƙashin teku?

Ƙanina mai shirin intabiyu a Fatakwal, ka tambaya a zauren nan: tsakanin dufleks 2205 da sufa dufleks 2507, nau'o'i biyu na ƙarfe mai jure tsatsa, wanne ya fi tsira daga tsagewar da haidurojin ke jawowa idan an sa musu kariyar katod (hana tsatsa ta hanyar lantarki) a ruwan teku? Mu dai Katsinawa ba teku gare mu ba, amma ga abin da zan ce maka.

In batun tsatsa ne, 2507 ke gaba. Kuromiyam ɗinsa kashi 25 cikin ɗari, molibdinam kusan 4, shi kuwa 2205 kashi 22 ne da kusan 3. Lambar PREN, wadda ke auna jure wa cin gishiri, ta kai 40 ko sama a 2507, a 2205 kuma wajen 35. Ƙarfi ma haka: a ma'aunin matsi na MPa, 2507 na da 550, 2205 kuma 450. 2507 ya fi tsada, ba shakka.

Sai dai haidurojin ba ruwansa da wannan fifiko. Anod ɗin aluminiyam, wato guntayen da ke cinyewa a madadin ƙarfen, ana maƙala su ne don kare ƙarfen gama-gari, wanda milibolt -800 ya ishe shi, amma sukan ja duk abin da ke haɗe da shi zuwa wajen -1050. A nan ruwa ke rabuwa a jikin ƙarfe, haidurojin ya fito, wani ya kutsa ciki. 2205 da 2507 kuwa dukkansu ƙwayoyi iri biyu ne a cikinsu: kusan rabi ferait, rabi ostenait. Cikin ferait haidurojin ke tafiya da sauri, ya sa shi gautsi. Ostenait yakan shanye haidurojin, ya kuma tare tsagar. In ƙwayoyin ostenait na kusa da juna, tsagar kamar mai gudu ce a lungunan cikin garin Katsina, ko'ina ta nufa katanga. In suna nesa da juna, ta samu hanya.

Shi ya sa, a ganina, kwatancen da ya fi amfani shi ne tsakanin bututun da aka murza da babban gunduman da aka ƙera. Bututu ƙwayoyinsa ƙanana ne, a jere tare da tsawonsa. Gunduma mai kauri ba ya huce da wuri, ƙwayoyinsa manya, wani lokaci ma kwance suke ta inda nauyi zai raba su. A filin mai na Foinaven, yamma da tsibiran Shetland, a 1996 abin da ya tsage ƙerarrun bakunan haɗa bututu ne, kuma na sufa dufleks. Mai tsadar kenan.

Ƙa'idar DNV-RP-F112 ta tsara kayan dufleks na ƙarƙashin teku, da ta fito a 2008, ta ɗauki tazarar ƙwayoyin ostenait ƙasa da maikuromita 30 (maikuromita dubu ne milimita ɗaya) a matsayin mai kyau. Wadda ta wuce haka sai a rage nauyin da aka yarje wa ƙarfen. Ta kuma fi tsanantawa kusa da walda, inda sauran matsi ke zaune. Fenti yana taimakawa, amma kada ka jingina da shi, ƙwarzane ɗaya ya isa.

To in sun tambaye ka, ce musu 2507 ya fi a tsatsa da ƙarfi, a haidurojin kuwa duka biyu na cikin haɗari. Sannan kai ma ka tambaye su: murzawa aka yi, ƙira ce, ko garin ƙarfe aka matse da zafi ta hanyar HIP? Wannan na ƙarshen ƙwayoyinsa ƙanana ne ta kowace fuska, shi ya sa ake zaɓarsa don kaya masu kauri.