Ta gwamnati, ta mishan, Faranko-Arab ko ta ɗan kasuwa: ina za a kai yaro a Garwa?

Duk shekara idan Agusta ya raba tsakiya, hirar majalisa a unguwarmu ba ta wuce ta makaranta. Wannan ya ce ta gwamnati ta lalace, wancan ya ce ta kuɗi ciniki ne kawai. Bana yayata ta zo har gida riƙe da hannun jikanta ɗan shekara shida, ta ce, "Ƙanena, kai da ka daɗe a kwamitin iyaye, ina za mu kai yaron nan?" Na ce, "Yaya, zauna a kawo miki ruwa, maganar ba ta tsaye ba ce." Abin da na faɗa mata shi zan shimfiɗa a nan.

A Kamaru babu makarantar da gwamnati ta ɗauke wa iyaye nauyinta kaf, babu kuma halattacciyar da ta fita daga hannunta. Dokar ilimi ta 1998 ta ɗora ilimi a wuyan gwamnati, ta kuma yarda masu zaman kansu su kama mata. Dokar 2004 ta tsara aikin makarantun masu zaman kansu, waɗanda suka kasu gida huɗu: na Katolika, na Furotesta, na Musulunci, da waɗanda ba na addini ba. Gwamnati ce ke ba da izinin buɗewa, ita ke tsara manhaja, ita ke turo sufeto, ita ke shirya jarrabawa, tana kuma ba wasu tallafin kuɗi, ko da yake shugabanninsu kullum suna kukan ya yi kaɗan kuma ba ya zuwa a kan kari. Saboda haka ni tambaya biyu nake yi a kowace makaranta kafin in kalli fentin bango: gwamnati ta san da ita? Wa ke biyan malamin da zai tsaya gaban yarona?

Mu fara da ta gwamnati. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamarenta, amma duk wanda ya kai yaro ya san sai ya biya kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE. Kada ka yi fushi da kuɗin nan kafin ka tambayi inda yake zuwa. A makarantu da yawa na arewa, da shi ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka da kansu saboda waɗanda gwamnati ta turo ba su isa ba, da shi ake gyara benci, da shi ake sayen alli idan kayan da ofishin magajin gari ke rabawa sun makara. Jihohin Adamawa, Arewa, Arewa Mai Nisa da Gabas su ne gwamnati da kanta ta ware a matsayin yankunan da ilimi ke bukatar kulawa ta musamman, don ta san an bar mu baya. Malamin gwamnati da ya fito daga ENIEG, makarantar horar da malaman firamare, ya koyi aikinsa, sau da yawa ya fi na makarantar kuɗi sanin yadda ake koya wa yaro karatu. Abin da ke karya shi yawan yara ne. Na taɓa tsayawa a ƙofar ajin SIL, wato ajin farko na firamare, yara huɗu-huɗu a benci, wasu a ƙasa da allo a cinya, malama ɗaya tana ta fama har muryarta ta dushe. Yaro mai kunya, ko wanda bai taɓa jin Faransanci a gida ba sai Hausa da Fulatanci, yana iya shekara biyu a irin wannan aji bai haɗa baƙi ba. Idan nan za ka kai ɗanka, ka tanadi wanda zai zauna da shi da yamma.

A sakandare lissafin ya sauya. Kuɗin da gwamnati ta tsayar a lise, wato sakandaren gwamnati, sefa 7,500 ne a shekara a ƙananan azuzuwa, 10,000 a manyan, ban da na APEE. Malamanta kuwa masu digiri ne, da yawansu daga babbar makarantar horar da malamai ta Marwa da aka kafa a 2008. Ga abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: malamin lissafin da ake tallata maka a kwalejin kuɗi, sau da yawa shi ne dai na lise, yana zuwa can ya yi 'yan sa'o'i a biya shi. Yaron da ya ci jarrabawar shiga ajin farko na sakandare, mai iya zama ya yi karatu ba sai an tsaya a kansa ba, ban ga dalilin a sayar da gona don a kauce wa lise ba.

Makarantun mishan sun daɗe a arewa, sunansu kuma ba a banza suka same shi ba. Kwalejin Mazenod da Kwalejin Furotesta a Ngaundere, da Jacques de Bernon a Marwa, sun yaye 'ya'yan Musulmi masu yawa. Abin da kake saye a wurinsu tsari ne: malami na shiga aji a kan lokaci, ana duba aikin gida, ana kiran uba idan yaro ya yi fashi. Kuɗinsu ya ninka na gwamnati sau da yawa, kuma ba sa jinkirin mayar da yaron da ya kasa. Ka tambayi shugaban makaranta gaba da gaba game da sallar Juma'a, da ɗankwalin 'yarka, da darasin addini. Ba rashin kunya ba ne, gara a ji amsar a watan Agusta da a zo ana cacar baki a Nuwamba.

Faranko-Arab, mai haɗa karatun Faransanci da na Larabci, ita ce zuciyar mafi yawanmu ke so, ni ma haka. Wane uba ne ba ya son ɗansa ya tashi da Alƙur'ani da Larabci, kuma ya riƙe takardar da za ta kai shi jami'ar Ngaundere ko ta Marwa, ko sabuwar ta Garwa da aka kafa a 2022? Akwai masu kyau ƙwarai, suna ƙarƙashin sakatariyar ilimin Musulunci, suna bin manhajar gwamnati, yaransu na zana CEP, jarrabawar gama firamare, kamar kowa. Larabcin ma ba ya ɓata a gaba, domin yana cikin harsunan da ɗalibi zai iya zaɓa a sakandare. Amma a nan ne kuma aka fi cin amanar kyakkyawar niyyar iyaye. Wata Islamiyya ce tsantsa aka liƙa mata allon Faranko-Arab, Faransancin sa'a ɗaya ne a rana, mai koyar da shi ma bai gama sakandare ba. Islamiyya ba laifi ba ce, alheri ce, sai dai a kira ta da sunanta. Ka ce a nuna maka jadawalin mako, ka ƙirga sa'o'in Faransanci da lissafi. Ka ce a kawo littafin wani ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, ka buɗe, ko ka je da wanda zai karanta maka. Idan aka fara kame-kame, ka yi musu sallama.

Sai makarantun 'yan kasuwa, inda za ka sami mafi kyau da mafi muni a layi ɗaya. A nan na ƙone hannuna. Na taɓa sa 'yata a wata mai bene da motar ɗaukar yara, na biya kuɗin shekara ban yi ciniki ba. Kafin hutun ƙarshe malamai huɗu suka riƙe ajinta. Na haɗu da ɗaya daga cikinsu yana acaba, ya ce mini, "Baba, wata uku ba albashi, da me zan ciyar da iyali?" Yarinyar ta gama shekara da littafi mai rubutun hannu iri huɗu, babu darasin da aka kai ƙarshensa. Tun ranar nake tambayar shekara nawa malamin aji ya yi a makaranta. Wanda ya shekara biyar a wuri ɗaya, ana biyansa ke nan. Ka kuma nemi ganin takardar izini daga ma'aikatar ilimi da idonka, domin kusan kowace shekara ana fitar da sunayen makarantun da aka rufe saboda ba su da ita, kuma yaran irinsu sai an raɓa su da wata makaranta kafin su zana jarrabawa. Ofishin sufeton firamare na gundumarku zai faɗa maka gaskiya kyauta.

Kalmar "bilingue", wato mai harshe biyu, a jikin allo ma a bi ta a hankali. Tsari biyu ne a ƙasar nan: na Faransanci mai jarrabawar CEP, BEPC, Probatoire da Bakaloriya, da na Ingilishi mai jarrabawar FSLC da GCE. Masu 'yan uwa a Yola ko Mubi sukan so na Ingilishi, kuma suna da hujja. Ka dai tabbatar akwai sakandaren da yaron zai ci gaba a tsarin kusa da kai, kada ya kai tsakiya a ce ya koma wancan.

Abu biyu ƙanana da ke rusa babban shiri. Takardar haihuwa: yara da yawa a arewa suna kaiwa CM2 sannan a gane ba su da ita, a hana su jarrabawa, don haka a nema tun yaro na SIL. Sai nisa. Zafin Garwa a Maris da Afrilu yana haura digiri 40, yaro ɗan shekara shida ba zai yi doguwar tafiya a ranar nan ya fahimci komai ba. Ka leƙa ka ga akwai ruwan sha da makewayi, musamman idan 'ya mace ce.

Yayata ta saurare ni har na gama. Washegari muka zaga makarantu uku da ƙafa. Ta zaɓi wata Faranko-Arab da ke bayan gidansu, ginin ƙasa da rufin kwano, bayan shugaban ya ciro takardar izini daga aljihun tebur ba tare da an roƙe shi sau biyu ba, malamar SIL kuma ta ce wannan ce shekararta ta bakwai a ajin. Mun yi da ita cewa idan yaron ya kai CM2 zai zana jarrabawar shiga lise. Takardar haihuwarsa kuwa ba a yi ba tukuna, ranar Litinin za mu je ofishin magajin gari mu ji ta inda za a fara.