Gumakan tagulla a gidan tarihi na Atina: sharhi bayan ziyara

Wanda ya shiga Babban Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Patission a Atina, babban birnin Girka, ina ba shi shawara kada ya tsaya ɓata ƙafa a gaban gumakan marmara. Ya wuce kai tsaye ɗaki na 15. Daga tashar jirgin ƙasa ta Victoria tafiyar 'yan mintuna ce, kuma sammako ya fi, kafin ayarin masu yawon buɗe ido su cika ɗakin.

A nan gunkin tagulla da ake kira na Artemision yake tsaye, tsayinsa mita 2.09, ya ware ƙafafu, ya miƙa hannun hagu gaba, na dama a baya zai yi jifa. An zuba shi wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka tsamo shi daga wani jirgin ruwa da ya nutse a teku kusa da Artemision, a arewacin tsibirin Euboea, tsakanin 1926 da 1928. Abin da ke hannunsa ya ɓace, shi ya sa ake ta musu: Zeus ne, babban abin bautar Girkawa mai jifa da aradu, ko Poseidon, abin bautarsu na teku? Ni na fi karkata ga Zeus, domin dogon mashin Poseidon da ya tare masa fuska.

A zagaye shi sau biyu. Hannuwan nan a sarari suke, babu abin da ya tokare su. Marmara ba ta iya wannan, karyewa take, dalilin ke nan da kwafen marmara da Romawa suka yi na gumakan Girkawa ke cike da siffar kututturen itace da aka sassaƙa jingine da ƙafa. Gunkin tagulla kuwa cikinsa rami ne. Ana shafa kakin zuma a cikin mazubi, a cika tsakiya da yumɓu, a rufe waje da wani yumɓun, a soka ƙusoshin ƙarfe don na ciki kada ya motsa. Sai a gasa kakin ya tsiyaye, a kwarara narkakken jan ƙarfe da aka gauraya da kuza, kamar kashi ɗaya cikin goma. Da irin wannan dabara ta kaki maƙeran Ife da Binin suka yi nasu zubin. Girkawa ba sa zuba babban gunki a lokaci guda. Kai daban, hannuwa daban, daga baya a haɗe.

Zubi kan zo da aibi. Idan iska ta maƙale ko ƙarfen ya huce kafin ya kai ƙarshe, sai a samu huda. Maƙerin yakan yanke wurin, ya buga ɗan faci mai kusurwa huɗu, ya goge. Mai ido zai tsinci irin facin nan a jikin gumakan. Ramukan idon gunkin Artemision babu komai yanzu, amma da an saka musu ƙashi ko dutse, leɓe kuma jan ƙarfe ne. Duhun nan mai kore-kore ma tsatsa ce, asalin launin yana ƙyalli kamar sabon tasa.

Ɗaki na 21 akwai ɗan sukuwa daga jirgin da ya nutse ɗin dai, aikin wajen shekara ta 140 kafin Annabi Isa. Dokin ya ɗaga ƙafafun gaba, yaron ɗan ƙarami a kansa, da kaimi ɗaure a dugadugansa. A cinyar dokin ta dama an zana Nike, abar bautar Girkawa ta nasara, riƙe da rawanin ganye, abin da yawancin mutane ke wucewa ba su gani ba.

Gumakan ba su da yawa, kada a zaci zauruka cike. Tagulla tana da kuɗi, an narkar da mafi yawansu tun tuni an yi makamai da tukwane, waɗanda suka tsira galibi teku ce ta ɓoye su. Awa biyu sun isa, har da gunkin saurayin da masu nutson neman soso suka gano a teku kusa da tsibirin Antikythera a farkon ƙarni na 20. Ana ɗaukar hoto, amma ban da filasha.